Tela Ta Ce Da Sauƙi

"Kafinta! Zo ka sa mini zare a allura mana."

Ya ajiye samfefar da yake gugar gadon jariri da ita, ya karkaɗe garin katako daga kansa, ya leƙo ɗakin yana murmushi.

"Yau ma? Kwana uku ke nan a jere fa, Tela. Ke da kike sa zare kina hira kina dariya, ko kallon allurar ba kya yi?"

"To laifi ne don mace ta nemi taimakon mijinta?"

"Ba laifi, madam. Shagwaɓa ce dai, kuma na karɓa hannu bibbiyu."

Ya durƙusa gaban keken ɗinkin da manyan yatsunsa masu kanta, ya yi ta fama har sau huɗu kafin zaren ya shiga. Ita kuwa ta kau da fuska tana dariya, don kada ya ga yadda take ƙifta ido. Ba shagwaɓa ba ce. Kwana uku ke nan ramin allurar ya zame mata biyu, wasu 'yan taurari na yawo a gabanta, ga wani ciwon kai da ya tare a goshinta ya ƙi tashi.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da wannan safiya, amma har yau in Tela ta lumshe ido tana ganin gidan nan. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, rufin kwano mai yoyo a kusurwa ɗaya, da taga mai kallon shagon mai gyaran rediyo. Kekenta a gindin tagar, bencin aikinsa a waje. Tana jin zartonsa, yana jin kekenta, in ɗaya ya yi shiru ɗayan ya ɗaga murya ya ce, "Lafiya?" Tun ranar da ya kawo mata wando ta rage masa tsawo ya kira ta Tela, ta rama ta kira shi Kafinta, sunayen suka bi su har ɗakin aure. Kai, an sha daɗin zama a gidan nan!

Shekara uku suka yi suna jiran ciki. Da Allah Ya kawo shi, sai ka rantse su suka fara haihuwa a duniya. Kafinta ya yi gado, ya ce ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo da kaurin farce, ya kwance ya sake. Tela ta ɗinka 'yan riguna goma sha biyu da huluna shida daga guntayen yadin da take tarawa. Suka sayi baho, da tawul, da sabulu mai ƙamshi, suka jera a akwati. In sun tashi daga aiki sai su buɗe akwatin su baje kayan a kan katifa, su zauna suna kallo kamar masu kallon talabijin.

"Bebinmu zai fi kowa gayu a layin nan," in ji Kafinta.

"Wa ya ce maka namiji ne?"

"To bebinmu za ta fi kowa gayu. Sori, madam."

Da cikin ya shiga wata takwas, Inna, mahaifiyar Kafinta, ta zo ta tare a ɗaya ɗakin don ta taya su. Kada a ɗauki alhakinta, Inna ba muguwa ba ce. Ta karɓe wanki, ta karɓe girki, tsintsiya ma ba ta bari Tela ta taɓa. Bakinta ne kawai ba shi da linzami. Wata rana tana shanya, Tela ta ji ta tana hira da maƙwabciya ta kan katanga.

"Matan yanzu ai ƙwai ne, 'yar'uwa. Atishawa, asibiti! Hamma, asibiti! Ni tara na haifa. Ranar da na haifi wannan ƙaton, da safe na yi wanki, da rana na haihu, da la'asar na fito na kwashe shanyata."

Maganar ta soki Tela har ƙashi. Shekara uku tana haɗiye kallon tausayi a dangin miji, yanzu kuma a ce mata ƙwai? Nan ta yi wa kanta alkawari: Inna ba za ta taɓa jin "wash" daga bakinta ba.

Ranar awon ciki ta zagayo, Inna ta ga ta ɗauko katin asibiti.

"Me kuma za a auna, 'yar nan? Ciki ne ko hatsi?"

Tela ta yi dariyar yaƙe, ta cusa katin ƙarƙashin ƙyallen da take rufe keke. Da Kafinta ya tambaya, ta ce an ɗaga ranar. Ƙaryar farko ke nan da ta taɓa yi masa.

Kullum da safe Inna za ta leƙo. "Ya jikin, 'yar nan?"

"Da sauƙi, Inna."

Ƙafafu suka kumbura, takalminta ya ƙi shiga, ta koma sa silifan Kafinta. Da sauƙi. Zobe ya nutse a yatsa. Da sauƙi. Fuska ta tasa har idanu suka ƙanƙance. Da sauƙi. Inna ta kan ɗora ƙafafun a cinyarta tana shafa musu mai tana cewa, "Nauyin ciki ne, kowace mace ta yi. Kin ga 'yar halak, ba raki, ba ƙorafi." Yabon nan kuwa ya fi wa Tela kowane magani daɗi.

A rana ta huɗu da fara ganin taurarin nan, da hantsi, Kafinta ya shigo neman fensirinsa. Ya ga 'yar rigar da ta gama ɗinkawa a kan keke, ya ɗauka zai yaba, sai ya tsaya. Ɗinkin gefen ya karkace kamar sawun maciji, hannun rigar ɗaya kuma an haɗe bakinsa an ɗinke ruf. Mutumin da ya kwance gado saboda kaurin farce ba za a ɓoye masa karkataccen layi ba, kuma tunda yake bai taɓa ganin ɗinkin matarsa ya kauce ba.

Ya zaro tef ɗin awonsa daga aljihu, ya ja, ya ɗora babban yatsa a kai, ya miƙo gabanta.

"Tela, karanta mini lambar nan."

"Wane irin wasa ne wannan?"

"Ba wasa nake ba. Karanta."

Ta zura ido. Lambobin suka yi ta rawa suna hawa kan juna. "Talatin... da takwas?"

Sha biyu ce. Tef ɗin ya suɓuce daga hannunsa ya naɗe kansa da ƙara.

"Zaren nan da kike sa ni sa miki... ni ina can ina jin daɗi, ashe ba kya gani ne? Tun yaushe?"

Sai kuka ya ƙwace mata. Ta faɗa masa ciwon kan, ta faɗa masa taurarin, ta ɗaga ƙyallen keken ta nuna masa katin.

"Tashi. Ɗauki mayafinki, asibiti za mu yanzun nan!"

Suna fitowa suka tarar da Inna tsaye a tsakar gida, ludayi a hannu.

"Ina zuwa da tsakar rana haka?"

"Asibiti, Inna. Ba ta da lafiya."

"Ba ta da lafiya? Ina cikin gidan nan? Wato ni ban san mai ciki ba, sai kai da ka san katako? Wata guda ina shafa ƙafa ina dafa abinci, yau za ka ja ta a titi duniya ta ce uwarka ta gaza! To in haka ne bari in tattara kayana, in bar muku gidanku."

"Haba Inna, ba haka—"

"Ga ta nan ai, da bakinta. 'Yar nan, ya jikin?"

Tela ta dubi mijinta, ta dubi surukarta. Kanta na sarawa kamar ana buga ƙusa. Amma bakin da ya saba ba ya jiran izini.

"Da... da sauƙi, Inna."

"Ka ji ko!"

Kafinta bai taɓa musu da mahaifiyarsa ba tunda ya yi wayo. Tela ta ga idanunsa sun kawo ruwa, ta saddaƙar zai ce to, a bari sai gobe. Sai ta ga ya durƙusa a kan garin katakon nan, gwiwa biyu.

"Inna, ki yafe mini abin da zan faɗa. Safiyar da Baba ya rasu, ni na kai masa ruwan wanke fuska. Kina tsaye a bakin ƙofa. Na ce, Baba ya jiki? Me ya ce mini?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Ya ce da sauƙi. Na tafi shago, kika tafi kasuwa. Kafin azahar aka aiko a kira mu." Ya ɗago kai ya dube ta. "Inna, mu wa muka taɓa tambaya ya ce babu sauƙi? Na yi rashi ɗaya a kan kalmar nan. Kada ki sa in yi biyu rana ɗaya."

Inna ta ajiye ludayin a hankali. Ta matso ta kama haɓar Tela ta ɗaga fuskar, ta dube ta kamar yau ta fara ganinta. Ta sunkuya ta danna ƙaurinta da yatsa. Ramin ya zauna, ya ƙi tasowa.

"Me kake jira a ƙasa kamar mai neman aure?" ta daka wa ɗanta tsawa. "Tashi ka nemo mota!"

A asibiti wata nas mai tabarau ta ɗaura wa Tela abin awon jini a dantse. Ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Fara'arta ta ɗauke.

"Baiwar Allah, ya jikin?"

"Da sau—"

"Ƙarya take, 'yata!" Inna ta katse ta. "Babu sauƙi ko kaɗan! Kanta ciwo, ido ba ya gani, ƙafa kamar turmi. Rubuta duka!"

Nas ɗin ta rubuta, sannan ta dube su ta saman tabarau. "Hawan jini ne na masu ciki. Ciwon kai da ba ya sauka, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi — waɗannan ba nauyin ciki ba ne. Da kun ƙara jinkiri, jijjiga za ta iya kama ta, a rasa uwa ko ɗa, ko duka. Gado za mu ba ta."

Kwana goma sha biyu Tela ta yi a kwance, ana allura ana awo safe da yamma. Inna ta kafa kujera a gefen gadon, har nas-nas ɗin suka gaji da korarta. In ta ce ya jiki, Tela ta buɗe baki, sai ta ɗaga yatsa. "Ba gaisuwa na tambaye ki ba. Ina ne ke ciwo?"

Wata rana da la'asar, Inna na yanke mata farce, Tela ta yi ƙarfin hali.

"Inna, na ji ki ranar nan a katanga. Ban so ki ce ni ƙwai ce."

Hannun Inna ya tsaya. Ta ajiye ɗan almakashin.

"Shanyar nan da kika ji na ce na kwashe... ba ni na kwashe ba, 'yar nan. Maƙwabciya ce. Kwana uku na yi ban san inda kaina yake ba, har an fara kuka. Tsufa ne, mu kan tuna wankin mu manta wahalar." Ta share ido da bakin mayafi. "Da bakina na kusa kashe ki. Ki yafe mini."

Suka rungume juna suna kuka, har matar gadon kusa ta ce, "In an gama a sammana tawul, ni ma kun sa ni."

Likita bai bari cikin ya cika wata tara ba, ya ce zaman ya isa, aka shiga da ita ɗakin tiyata da safe. Kafinta ya yi ta safa da marwa a baranda, har yau ya kan ce tsawonta taku arba'in da ɗaya ne. Wajen ƙarfe goma wani siririn kuka ya fito, kamar na ɗan kyanwa. Mace ce, 'yar mitsitsiya, duk rigunan nan goma sha biyu babu wadda ba ta nutse a ciki ba. Amma tana numfashi, uwarta ma tana numfashi. Inna ta karɓe ta, ta ce, "Ke kam yi ta kukanki, 'yar albarka. A gidan nan an daina shiru."

Yau Inna ta daɗe da komawa ga Mahaliccinta, Allah Ya jiƙanta. Gidan ma an rushe shi an yi shaguna. Haƙurin Kafinta ya yi rana: bai ɗaga wa uwarsa murya ba, bai kuma saki hannun matarsa ba, Allah Ya bar masa su duka. Amma 'yan mata, ku ji da kyau, haƙuri daban, ɓoye ciwo daban. Kunya ba ta sauke hawan jini, yabon suruka ba ya maye gurbin awo. Mai ciki in ta ji abin da ba ta gane ba, ta faɗa, ko da za a kira ta ƙwai. Ƙwan da aka tallafa shi ke zama kaza.

Jaririyar nan kuwa ita ce yanzu take da cikin fari, wata bakwai, a wani gari mai nisa. Tela ba ta da sukuni, sau uku take kiranta a rana. In yarinyar ta ce, "Haba Mama, da sauƙi," sai Tela ta gyara zama, ta matse wayar a kunne.

"Na ji gaisuwar. Yanzu faɗa mini jikin."