Gobara Ba Ashana

A shekarar da aka buɗe makarantun UPE, Malama Kulu ta kai 'yan matan aji shida daga Birnin Kudu zaman sansani kusa da Kwandiko. Lokacin kaka ne. Dammunan dawa na jibge a gonaki.

A gefen gonar Baba Maikano suka kafa tanti.

"Ku zauna, Malama," in ji shi, "amma kada a kunna mini wuta. Abincin gidana na shekara ke nan a ƙasa."

"Ko ashana ba mu zo da ita ba, Baba. Da hasken rana za mu yi girki."

Baba ya dubi murhun ranar da suka zo da shi, ya yi dariya. Wani ƙaton faranti ne mai zurfi, mai ƙyalli kamar madubi. Yana tara hasken rana wuri guda, a gindin tukunya.

Da shinkafa ta dahu, Malama ta kira wata yarinya mai rawar kai.

"Ungo zanen nan, ki rufe farantin. Kada ki bar shi a buɗe."

"To, Malama."

Sai ga ƙawayenta za su rafi ɗibar ruwa. Yarinyar ba ta da gammo. Ta ture farantin gefe, wajen busasshiyar ciyawa. Ta naɗe zanen, ta ɗora a ka, ta bi su. Wai ai ba tukunya a kai, me zai faru?

Suna dawowa suka hango hayaƙi. Ciyawa ta kama. Iska na kora wutar wajen dammunan dawa.

Gaban yarinyar ya faɗi.

"Ku kawo ruwan nan!" in ji Malama.

Suka sheƙa ruwa. Baba Maikano yana dukan wutar da ɗanyen reshe. Wani makiyayi mai suna Bappa ya bar shanunsa, ya zo yana watsa ƙasa. Da ƙyar wutar ta mutu, saura taku uku ta kai dawar.

Baba ya juya kan Bappa, idonsa jawur.

"Waɗannan ba su da ashana. Kai kaɗai ka bi ta nan. Mu je wurin mai unguwa."

"Wallahi, Baba, ban kunna komai ba."

Yarinyar ta ja da baya. Zanen na hannunta, jiƙe sharkaf. Ta ɓoye shi a baya. Amma da ta ga an riƙe hannun Bappa, sai ta fashe da kuka.

"Baba, ni ce. An ce in rufe farantin, na yi gammo da zanen."

"Faranti ne zai ƙona gona?" in ji Baba.

Malama ta ba shi karan dawa, ta ce ya riƙe a inda hasken ya taru. Nan da nan karan ya yi baƙi, ya kama. Baba ya yar da shi, ya take da ƙafa.

"Yafe mini, Bappa," in ji shi a hankali.

Yarinyar ta durƙusa ta roƙe su gafara. Ta rufe farantin, ta danne zanen da duwatsu huɗu.

"Kin yi kuskure, amma kin faɗi gaskiya," in ji Malama. "Duk aikin da aka ba ki, ki gama shi kafin ki tashi, ko ƙarami ne."

Suka ci shinkafa tare da Bappa. Kafin Baba Maikano ya tafi, ya murɗa ganyen dawa ya miƙa mata.

"Ungo gammo, jikata. Ki bar wa faranti zanensa."