Golmon Haggai a Tsohon Bariki

Ni na fara gani, tun Zuru ba ta farga ba. Ban yi boko ba, amma idon da ya je yaƙin Bama ya dawo ba ya kuskure.

Ina zaune gindin tsohon barikin da aka ɗebe mu soja, sai ga Haggai magini ya tsaya yana kallon Monika ɗiyar Baba Sila tana shara a ciki, rufi duk ya zube.

"Kyakkyawa, wa ya sa ki sharar kango?"

"Ba kowa. Zo ka gani." Ta nuna masa bangon da aka tsaga tsawon kowane saurayi kafin a tafi da shi. "Wannan na wana Mika ne. Bai dawo ba. Ba mu da kabarinsa sai nan."

Da Haggai ya nemi aurenta, Baba Sila ya ce golmonsa, aikin da saurayi ke yi wa suruki, ba noma ba ne. "Hukuma ta ce mai son duwatsun barikin ya kwashe. Rushe barikin da ya cinye ɗana, ka yi min rumbu da duwatsun. In ba ka iyawa, Ezekiel mai keke yana jira."

Monika ta aike ni, na haddace saƙon tsaf: "Masoyina, in ka taɓa bangon nan, ka samu Baba ka rasa ni."

Ya ce in gaya mata, "Kwantar da hankalinki, farin watana. Ni gini na koya."

Wata biyu yana yaɓe, ya ɗora sabuwar jinka, ya kwaso dawar Baba Sila kaf ya jibge ciki. Tsohon ya taho da sanda yana huci, shekara goma sha biyu rabonsa da ƙofar.

"Baba, rumbu ka ce. Ga duwatsun, ga rumbun," in ji Haggai.

Monika ta ja hannun ubanta har gaban tsagar. Ya jingina bayansa da bango, ya shafa saman kansa, ya ji tsagar tana sama da shi.

"Ashe yaron nan ya fi ni tsawo," ya ce. Sandar ta faɗi. "Haggai, turo manyanka."

Bayan girbi aka ɗaura auren a majami'a, ni na buɗe rawa. Allah ya yi musu albarka, 'ya'ya bakwai, duk dogaye.

Wanda ya ce ƙari na yi, ya tuɓe riga ya same ni filin kokawa. Haƙorana sun zube, amma bayana bai taɓa shan ƙasa ba.