Muryar da ta Fito Daga Memori

Da aka ɗauke wuta, Yaya Tasi'u ya tara mu a tabarma, mu ƙannensa da 'ya'yan baffa. Ya yi ƙasa da murya.

"Kun san Balaraba, mai shagon kwamfuta a saman bene a Funtuwa? Wadda ba ta son a kira ta daga baya? To ku ji dalili."

Ran wata Juma'a ce, ya ce, rana tsaka. Maza duk sun tafi masallaci, an rurrufe shaguna. Ita kaɗai ta rage a dogon barandan nan.

Ba ta ji takun kowa a matakala ba. Sai sallama.

Wata tsohuwa ce, ta lulluɓa da baƙin zane. Ta zauna a kujera, ta miƙo memori ɗan ƙarami.

"'Yata, akwai magana a ciki. An ce ta goge. Ki tono min ita."

Balaraba ta karɓa, amma ta lura da wani abu. Muryar tsohuwar ce ke fara isowa, sannan leɓenta ya motsa daga baya.

Ta dake. Ta sa memori a sabuwar kwamfutarta. Manhajar da ta saya da tsada ta duba, ta ce babu komai. Ta gwada wata, ita kuma ta nemi data.

"Baba, wayam ne."

"Akwai," in ji tsohuwa. "Sake dubawa."

Sai Balaraba ta ciro filas ɗin kwamfuta da ke rataye a makullanta. Akwai wata tsohuwar manhaja a ciki, ta kyauta, ta girmi rabinku. Mai ita ma ya daɗe da watsar da ita. Ba ado, ba talla, 'yar taga ce toka-toka. Amma duk kwamfutar da aka sa ta sai ta tashi, kuma abin da ta gani shi take faɗi.

Ta fara tono. Fankar sama ta tsaya, alhali akwai wuta. Ɗakin ya yi sanyi kamar bakin rijiya.

Sauti ɗaya ya fito. Ba suna, ba kwanan wata. Ta kunna.

Da fari iska. Sai ɗigar ruwa. Sai murya.

"Larai."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta haka. Mahaifiyarta, wadda suka binne tun Balaraba tana sakandare.

"Larai, ba kya ji ne?"

Hawaye suka zubo mata. Tsohuwa ta sunkuyo, numfashinta na warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Inna ce ke kira. Ki amsa mana."

Uwani, autarmu, ta ƙanƙame hannuna. "Yaya, ta amsa?"

"Saura ƙiris," ya ce. Bakin Balaraba ya buɗe, "na'am" ta zo kan harshenta. Ta sunkuyar da kai don ta share ido, sai ta hango ƙarƙashin tebur. Ƙafafun tsohuwar. Diddige ne a gaba, yatsu suna kallon ƙofa.

Ta toshe baki da hannu. Ta ja linzamin kwamfuta, ya ƙi motsi. Ta danna maɓallin kashewa, allo ya ce ta jira. Murya kuwa sai matsowa take, har ta bar lasifika ta dawo bayan kunnenta.

"Larai. Larai."

Tsohuwar manhajar nan ba ta san jira ba. Madanni ɗaya ne a kusurwar kibod, in ka taɓa shi ta rufe. Balaraba ta yi bisimilla a zuci, ta danna.

Tsit.

Can nesa liman ya yi sallama. Ta ɗago kai, kujera ba kowa. Memori yana kan tebur, jiƙe sharkaf.

Washegari ta sauko da kayanta ƙasa, kusa da masu shayi. Har yau da manhajar take tono wa mutane hotunan suna da takardun makaranta, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Ta jefar da memorin?" na tambaya.

Yaya Tasi'u ya girgiza kai.

"Wa zai jefar da muryar uwarsa? Ƙanwar Balaraba ta ce wani lokaci tana ganinta da abin sauraro a kunne, idanu a rufe, hannu biyu a kan baki, ta danne da ƙarfi."

Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kada wanda ya hau benen nan shi kaɗai ran Juma'a. In kuwa kun ji an kira ku ba ku ga mai kira ba, ko da muryar wa, ku kama bakinku."