Nonon Da Ba A Sha Ba

"Fita!"

Kalmar ta kuɓuce wa Daktora Sabuwa tun kafin ta tuna cewa a ofishinta take, a asibiti a Sinnar, kuma wanda ke bakin ƙofa marar lafiya ne.

Mujahid bai fita ba. Ya rame kamar karan dawa, hannuwansa duk sun tsage saboda yawan alwala.

"Wallahi ban san ke ce ba. Ce min aka yi akwai likitar waswasi..."

"To ga ta! Shekara bakwai, Mujahid. Yau kuma wa kaz zo kashewa?"

Kada ku ga laifinta, 'yan'uwa, sai kun ji abin da ya yi mata.

Saura kwana uku a ɗaura musu aure a ƙauyensu, gefen Abu Hujar, har an sa mata lalle. Sai Hanaa, ɗiyar kawunsa, wadda ta daɗe tana mutuwar son shi, ta tare shi a hanyar gona.

"Ni dai tsoron Allah ya sa zan faɗa," in ji ta. "Kakarmu ta ce min wata rana, lokacin tsinkar auduga, innarka ta ba Sabuwa nono."

Wanda kuka sha nono ɗaya ɗan'uwanka ne, aure ya haramta. Kaka ta rasu, innar da ta haife shi ta rasu, wa za a tambaya? Mahaifiyar Sabuwa ta dafa Alƙur'ani ta rantse ba a yi ba. Malamai uku suka ce jita-jitar mutum ɗaya ba ta hana aure. Da safe sai Mujahid ya yarda, kafin la'asar ya koma yana tambaya. Ranar ɗaurin aure mutane suka cika zaure, ango bai zo ba.

Sabuwa ta koma jami'a da lallenta a hannu. Ta karanci ilimin halayyar ɗan'adam da haushi, har ta san sunan ciwon da ya cinye mata aure.

Yanzu ga shi a gabanta.

"Sabuwata... sau ɗaya kawai. Ce min ba ki sha ba."

Wayyo, daɗi ya kama ta! Ta san wannan ciwo kamar yunwar cikinta. In ta ce "ban sha ba," zai samu sauƙi na awa ɗaya, gobe ya dawo, jibi ya dawo, har ya tsufa yana bara a ƙofarta. Ramuwa ke nan da ba wanda zai kira ta mugunta, kowa ma cewa zai yi tausayi ne.

Ta buɗe baki. Sai likitar da ke cikinta ta rinjaye ta.

"Ba zan amsa ba."

"Don Allah..."

"Amsar ce abincin ciwon. Kullum ka tambaya aka ba ka, ƙara ƙiba yake yi." Ta ja takarda ta yi rubutu har alƙalami ya kusa huda ta. "Tafi wurin Dakta Alamin, ƙofa ta uku. Ni ba na duba mutumin da nake son in shaƙe."

Dakta Alamin abokin aikinta ne, dattijo mai sanyin magana da taurin kai. Ya ɗora Mujahid a kan hanya mai wuya: alwala sau ɗaya, ko zuciya ta ce ba ta yi ba. In tambayar nono ta taso, ya zauna da ita minti goma bai nemi kowa ba, sannan rabin awa, sannan yini guda, har tsoron ya gaji ya sauka da kansa.

Kowace Talata Sabuwa na hango shi ta taga a kan benci, gumi na zuba, ya matse hannuwa tsakanin gwiwoyi.

"Ya sha! Kaɗan ma ya gani," take cewa.

Amma fa ba ta barin tagar sai ya tashi.

Wata na uku sai ga Hanaa, lulluɓe da tobe, dogon mayafin nan, har ido. Ita ma ba ta same shi ba. Bayan ya fasa da Sabuwa, sai ya shiga zargin kowace budurwar ƙauyen ta sha nonon innarsa, Hanaa ce ma ta farko. Ai shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

"Umra za ni da Baba," ta ce, tana murza gefen tobe. "Ina jin tsoron in tsaya gaban Ka'aba da wanga abu. Kaka ba ta ce komi ba. Ni naƙ ƙirƙira."

Sabuwa ta miƙe a hankali.

"Sake faɗi."

"Ƙarya niy yi... Ki yafe min, amma ki rufa min asiri. An sa min rana da Nasir na Managil, in danginsa sun ji..."

"Asiri? Ni wa ya rufa min nawa, ranar da mata suka kwashe tukwane suna ƙus-ƙus?"

Ta cafki wuyan hannunta ta ja ta waje. Ranar Talata ce, Mujahid na ciki wurin Dakta Alamin. Yau Hanaa za ta faɗa da bakinta a gabansa, gobe a gaban ƙauye duka!

Har ta ɗaga hannu za ta tura ƙofa ta uku, sai ta ji muryarsa.

"Kwana ashirin da ɗaya, Dakta. Ban tambayi kowa ba."

Dariya yake yi. Rabonta da jin dariyar nan tun suna ƙauye.

Hannunta ya tsaya. In ta jefa masa Hanaa yanzu, zai yi murna yau. Gobe ciwon zai raɗa masa, wadda ta yi ƙarya da can, ina ka san yanzu gaskiya take faɗi? Ya koma bin Hanaa da tambaya, kwana ashirin da ɗaya su bi ruwa.

Ta saki hannun Hanaa kamar ta taɓa garwashi.

"Ɓace min da gani."

Ta koma ofis ta kulle, ta yi kuka na baƙin ciki. Ramuwa ta zo har tafin hannunta, son wannan mutum ya hana ta ci.

Bayan girbin dawa Mujahid ya durƙusa a gaban mahaifinta, Malam Sambo.

"Kai ɗin?" tsohon ya daka masa tsawa. "Ka kunyata ni sau ɗaya bai ishe ka ba? Mi ya sake?"

"Baba, zuciyata har yau tana tambaya. Na daina ba ta amsa ne. Malamai sun yi fatawa tun tuni, ita na riƙe."

Sai da aka yi wata biyu ana kai gwauro ana kai mari. A ƙarshe Sabuwa ce ta ce wa mahaifinta, kanta a ƙasa, "Baba, ciwo ne ya hana shi zuwa. Ni shaida ce ya yaƙe shi."

Wannan karon ango ya riga liman isa zaure.

Da hantsi aka shigo da shi ɗakin amarya. Ta dube shi.

"Habibi... akwai abin da na sani game da maganar nan. In kana so, yanzu zan faɗa maka."

Ta ga tambayar ta zo masa har baki. Ya damƙe hannuwansa, ya haɗiye ta.

"Bar shi wurinki, hasken idona. Ban tambaya ba."

Nan ta fashe da kuka, kwallin da aka ɓata awa guda ana sa mata ya wanke tas.

Da ya fita mata suka shigo da guɗa. Hanaa ta kutsa cikinsu, ta dawo daga Umra amma duk ta zabge. Ta durƙusa kamar mai gyara wa amarya tobe, ta raɗa mata:

"Kin gaya mishi?"

Sabuwa ta ɗaga kofin jabana, gahawa mai zafi, ta kurɓa.

"Za ki gaya wa dangin Nasir? Don girman Allah, Sabuwa, ce min i ko a'a, ko abinci ba na iya ci!"

Amarya ta yi mata murmushi mai kyau, ta gyara mata ɗankwali a gaban kowa.

"Zo gobe ki sake tambayata."