Jan Ƙyalle a Cikin Inji

Ranar Laraba da hantsi Salman ya shigo komisariya, ofishin 'yan sandan Dogon Dutsi, yana huci. Matashin ɗan kasuwa ne mai shagon taya, wanda ake girmamawa saboda wa'azin da yake yi wa matasa a masallacin unguwarsu.

"Insifekta, ƙara na kawo. Tsoho Jatau ya kashe mini mota."

Insifekta Munkaila ya san motar. Kowa a garin ya san ta, baƙa ce ƙirar Jamus, an kawo ta daga Kwatano, kuma babu abin da ke wuce ta a hanyar Kore Mairuwa. Ya san Jatau ma, makaniken bakin tasha, mutumin Lugu wanda bai taɓa ɓoye cewa iyayensa 'yan bori ne ba.

"Mi ya yi mata?"

"Juyen mai ya yi mata. Tun daga nan jar fitilar mai take kamawa tana mutuwa. Jiya injin ya fara ƙwanƙwasa. Ya cire famfon mai na asali ya sa mini ruɓaɓɓe, ni na sani."

Munkaila bai yi wata tambaya ba. Ya je garaji ya sa wa Jatau ankwa, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, ya ratso da shi da ƙafa ta tsakiyar tasha, direbobi da masu tuyar ƙosai suna kallo.

Sai washegari ya zauna da tsohon.

"Baba, ka canza famfon?"

"Ɗana, mai juyen mai ba ya kai hannu ga famfo. Tambaye shi, yaushe fitilar take kamawa?"

Aka kira Salman. Ya ce sai ya take mota sosai take kamawa, in ya sassauta ta mutu.

Jatau ya gyaɗa kai. "Famfon da ya lalace, fitilarsa ba ta hutawa, Insifekta. Wani abu ne ke yawo cikin mai. In an take, famfo ya ja da ƙarfi, abin ya manne wa rariyar famfon ya toshe ta. In an sassauta ya faɗo. Ku kwance tasar ƙasan inji ku gani."

Aka kira wani makanike, Iro, ya kwance ta a gaban kowa. Famfo na asali ne, ko ƙusa ɗaya ba a taɓa ba. Amma a bakin rariya akwai wani tsumma. Iro ya wanke shi da fetur, sai ga jan ƙyalle da farin zare mai ƙulli bakwai.

Salman ya ja da baya. "A'uzu billahi! Kun gani? Sammu ya yi mini! Aikinsu ne!"

Munkaila ya lura da abu ɗaya. Iro bai gama wankewa ba Salman ya kau da kai, kamar wanda ya riga ya san launin.

Ya kai wa Jatau ƙyallen. Tsohon ya juya shi a tafin hannu.

"Wanga ba sammu ba ne, kariya ce. Ƙullin Ajuma ne, wata tsohuwar 'yar bori can gabas da Lugu. Amma a madubi ake rataye shi. Wane mahaukaci ya tura shi ta bakin mai?"

Munkaila ya hau babur ya bi rairayi tsakanin gonakin hatsi. Ya iske Ajuma tana sussuka a tsakar gida.

"Inna, wa kika ba wannan?"

"Ba ni faɗin masu zo mini."

"Saboda shi Jatau ya kwana a rufe."

Tsohuwar ta ajiye taɓarya. "Jatau? Wanda ke gyara wa mutanen ƙauyenmu kurar ɗaukar kaya kyauta?" Ta dubi ƙyallen. "Wani saurayi ne mai gemu, da sabon ɗinki a gira. Ya ce ya kusa mutuwa a hanya, barci ya ƙi masa. Can nesa ya bar motar, ya zo da ƙafa, ya rufe fuska da rawani, sai da ya shigo ya buɗe. Na ce ya rataya a madubi. Ya ce abokansa za su gani."

"Yaushe?"

"Lahadi waccan."

Juyen mai kuwa ranar Alhamis aka yi shi, kwana uku kafin nan.

Da la'asar Munkaila ya ajiye ƙyallen a kan tebur, ya dubi ɗinkin da ke girar Salman.

"Malam Salman, Ajuma tana gaishe ka."

Salman ya kau da kai daga ƙyallen. Gumi ya tsattsafo masa.

"Ban san ta ba."

"To mu tafi tare ta gan ka. Ko a kawo ta nan, a bakin masallacinku?"

Sai ya kifa kai a kan gwiwoyinsa.

"Tsoro ne, Insifekta. Tun da na kauce wa tirela nake ganin ta a mafarki. Na rasa inda zan ɓoye shi, sai na buɗe murfin mai na cusa. Na ɗauka can zai zauna."

"Da fitila ta fara kamawa, ka gane?"

"Na gane." Muryarsa ta yi ƙasa. "In na kai wa makanike zai fito da shi, gari ya ji. Na ce in laifin ya hau kan Jatau, ko an gani za a ce nasa ne."

Munkaila ya rubuta: ƙarar ƙarya da ɓata suna. Hannunsa ya yi masa nauyi, domin da hannun nan ya rufe ankwa ba tare da ya leƙa injin ba.

"Don Allah ku fitar da ni ta ƙofar baya," in ji Salman. Ɗan sanda ya kama hannunsa ya wuce da shi.

Munkaila ya buɗe wa Jatau da kansa. Ya kasa kallon idonsa.

"Baba, ka yafe mini. Bari in kai ka gida da mota."

Jatau ya ɗaura hularsa. "Da mota ka kawo ni?"

Munkaila ya mayar da makullin mota aljihu. Ya ɗauki jakar kayan aikin tsohon ya saɓa a kafaɗa, suka nufi tasha da ƙafa, Jatau a gaba, shi a baya.