Fa'izu Ya Ajiye Kaki

Sau uku Juwairiyya ta yi wa mai gyaran famfon sallama, bai juyo ba. Har ta ɗauka girman kai ne, sai ya waigo ya gan ta riƙe da jarka.

"Yi haƙuri, 'yan mata. Kunnen hagun nan a Borno na baro shi."

Sunansa Fa'izu. Shekara tara ya yi a soja, ƙarar bam ta kashe masa kunne, aka sallame shi, ya buɗe shagon gyaran sola a Dutse. Aikin yini ɗaya ya kawo shi garinsu Miga, amma tun daga ranar duk Juma'a sai ya zo duba famfon da lafiyarsa ƙalau.

Da maganar ta kai ga mahaifinta, Modibbo, ya girgiza kai. "Mutumin da ya saba ganin jini? Ban san da wace zuciya ya dawo ba. Kada ya ƙara zuwa."

Wata biyar ba ta sa shi a ido ba. Ko babur ta ji ya tsaya a layinsu, sai ta leƙa waje. Rannan saƙonsa ya shigo:

"Sanyin idona, yau na zo har mararrabar garinku. Na daɗe ina kallon hanyar, sannan na juya. Ba zan saɓa wa Baffa ba, amma wallahi na yi kewarki."

Ta share hawaye ta rubuta: "Sojana, ni ma haka. Ka ƙara haƙuri."

Mahaifiyarta Iyatu ce ta ga yarinyar tana ta ramewa, ta roƙi Modibbo ya saurari Fa'izu ko sau ɗaya. Ranar da ya zo, Juwairiyya ta laɓe a bayan zaure.

"Me ka dawo da shi daga yaƙin?" in ji Modibbo.

"Tsoro, Baffa. Ko taya ce ta fashe, sai in tsinci kaina a ƙasa. Da sunayen abokaina shida, ina musu addu'a kowace salla. Ban ɓoye mata ba, ba zan ɓoye maka ba."

Can ta ji muryar mahaifinta ta yi laushi.

"Faɗo mini sunayen, mu yi musu tare. Jibi ka turo manyanka."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura. Modibbo da kansa ya raka ta bakin mota, ya dafa kanta.

"Ki riƙe shi da kyau, ya sha wuya. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari."