Sunan da Aka Laƙa wa Keziya

A Samaru akwai wani yaro ɗan aji biyar. Wajen tsokana, duk layinsu babu na biyunsa.

Ƙanwarsa Keziya ta yi ciwon kunne. Ciwo ya warke, amma ya bar ta da jiri. In ta miƙe, sai ɗaki ya riƙa juya mata. Karatu ma ya daina zama a kanta, ga shi ita aka zaɓa ta faɗi aya da ka ranar bikin yara a coci.

Likita ya ce, "A cikin kunne akwai abin da ke hana mutum faɗuwa. Nata ya taɓu. Motsa jiki ne zai sake koya wa ƙwaƙwalwarta tsayuwa. In jiri ya ragu, karatu zai zauna."

Kullum da yamma Baba ya ja layi da gawayi a tsakar gida. Keziya ta bi layin tana juya kai, tana ɗagawa tana sunkuyarwa. Daga nan su yi cafke da ƙwallo sabuwa fil da aka sayo a kantunan PZ.

Yaro na gefe yana cika yana batsewa. Shi gwanin ƙwallo, ko ta roba ba a saya masa ba!

Rannan Baba zai yi tafiya. Ya ce, "Kai ne babba. Ka riƙa yi da ita."

Baba na fita, yaro ya ce, "Keziya, kin san sunan da yaran layi suka sa miki? Ƙadangaruwa!"

"Ƙarya kake yi, Yaya!"

"To, ci gaba da gyaɗa kai mana."

Babu wanda ya sa mata suna, shi ya ƙirƙira. Keziya ta shige ɗaki ta kwanta. Gogan ya suri ƙwallo sai fili. Kullum in Mama ta dawo daga aiki, sai ya ce, "Ai mun yi tun ɗazu."

Jiri ya dawo. Ranar da aka je kasuwar Sabon Gari sayen takalmin biki, Keziya ta faɗi, gwiwa ta ƙuje. A wurin gwajin biki a coci kuma aya ta gudu daga kanta.

Malamar da ke koya musu ta ce, "In haka ne, Jemimah za a ba ayar."

Keziya ta yi ta kuka. Yayanta ya gane laifinsa ne. Da Baba ya dawo, yaro ya je ya durƙusa ya faɗi gaskiya.

Baba ya ce, "Mara lafiya kake yi wa ƙyashi? To, ku yi musanya. Ka ɗauki ƙwallon, ta ba ka jirin."

"A'a, Baba!"

Yaro ya ba Keziya haƙuri. Daga ranar, tare suke bin layi, shi a gaba yana kaɗa kai har ya fi ta. Tana tafe tana bitar aya. Sannu a hankali jiri ya ragu, Malama ta bar mata ayarta.

Ranar biki Keziya ta tsaya kyam, ta faɗi ayarta tsaf. Tafin yayanta har ya fi na Malama ƙara.

Yara, motsa jiki na taimakon ƙwaƙwalwa. Kuma in an kula da ɗan'uwanku mara lafiya, ba ƙin ku aka yi ba. Ku sa hannu a taimake shi.